Kwalaben Sale Da Na Zubar

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar ƙanena Sale, kuma abu guda nake so a ce ban yi ba a rayuwata: da hannuna na kwashe kwalabensa na zubar a kududdufi, mutane suna kallo suna sa mini albarka.

Haƙar rijiya muka gada a gidanmu da ke cikin garin Daura. Ni ne babba, ni ke shiga rami, shi yana sama yana jan ƙasa da guga. Tun a lokacin yake da wata ɗabi'a mai ba ni haushi. Duk gugan da ya fito sai ya damƙi ƙasar, ya murza, ya sansana, ya leƙo ya tambaye ni gaba nawa muka kai. Daga baya ya fara ɗiba yana zubawa a kwalaben magani, ya liƙa takarda da ajami: sunan gari, zurfin ramin, da ko an sami ruwa. Daga Sandamu har Babban Mutum, babu ramin da muka haƙa bai zo da tsarabar ƙasarsa ba.

Da injinan burtsatse suka shigo, ni na zauna ina tsine musu don sun kashe mana kasuwa. Shi kuwa ya bi masu injinan. Yakan wuni a rana yana damun injiniyansu da tambaya. Yana da shekara arba'in ya shiga ajin yaƙi da jahilci don ya iya karanta takardunsu, muna yi masa dariya yana cewa gemu ba ya hana ilimi. Wata rana a wani ƙauye ya faɗa musu inda suka kafa inji marmara ce, su matsa gabas. Suka ƙi, suka sha wahalar banza, suka matsa, ruwa ya fito. Daga nan suka ɗauke shi aiki, har ya zama shi ke nuna wurin haƙa. Ni ina nan da digata.

Sai aka shigo shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a. Alheri ne aka kawo, amma wasunmu mun mayar da ita sandar dukan wanda muke jin haushi. A majalisarmu wani ya ce mutumin da ke ɗibar ƙasar gidajen jama'a yana rufewa a kwalba, da rubutu a jiki, me yake yi in ba sammu ba? Kowa ya san da ƙasar sawu ake yi wa mutum asiri. Maganar ta zaga unguwa. Aka daina kiransa gidaje, mata suka daina aiken 'ya'yansu wurin matarsa.

Na san ƙarya ce. Ni ne a cikin ramukan da ƙasar ta fito. Kalma ɗaya daga bakina ta isa ta kashe zancen, amma na yi shiru, don ya yi mini daɗi a ce ƙanen da ya wuce ni ba da ƙwazonsa ya wuce ni ba. Da dattawa suka ce in tsarkake gidanmu, na jira ya tafi aiki, na loda kwalaben a baro. Naka shi ke ba da kai.

Da ya dawo bai ɗaga murya ba. Ya daɗe tsaye a ɗakin da yake ajiye kwalaben, sannan ya ce, "Yaya, da ka tambaye ni ko sau ɗaya, da na zaunar da kai na nuna maka." Washegari ya zo ya gaishe ni kamar kullum. Ya sake fara tarawa, amma ciwo bai ba shi lokaci ba, kuma aikin shekara ashirin da wani abu ba ya dawowa a shekara uku.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Kowa da waya a hannu, ilimin da shi ya bi rana yana roƙo yana cikin aljihun kowa, amma ba a tambaya. Bara an haƙa burtsatse a bayan unguwarmu, aka kafa allo, aka yi taro, ko ɗigo bai fito ba. Babu wanda ya duƙa ya murza ƙasar da injin ke fitarwa. A garin da tarihinsa ya fara daga bakin rijiyar Kusugu, mun rasa mai sanin inda ruwa yake. Abin da ya fi tayar mini da zuciya, mutanen majalisar nan da suka ce matsafi ne, su ne yanzu ke kaɗa kai suna cewa da Sale na nan da ba a yi wannan asara ba. Nakan ji ƙyamarsu, sai in tuna wanda ya tura baro.

Me ya rage? Famfunan da ya nuna wurinsu suna nan suna zubar da ruwa, masu sha ba su san sunansa ba, Allah ya sani. Sai kwalba ɗaya da ta gangara bayan tukunya ranar nan, matarsa ta kawo mini bayan sadakar arba'in ɗinsa. An rubuta: Sandamu, gaba sha ɗaya, jan yashi mai danshi, ruwa na kusa.

Allah ya jiƙan Sale, ya yafe mini. Ku kuma masu karatu, in akwai mai yawan tambaya a gidanku, yana tara abin da ba ku gane ba, kada ku je majalisa neman fassara. Ku shiga ɗakinsa ku tambaye shi tun yana da bakin amsawa.