Hanyar da Ta Ci Zaurenmu

Sa'ad da nake yaro, gidanmu ne na ƙarshe in ka bar Sakkwato ka nufi Kalambaina. Bayanmu gonakin gero ne iya ganinka. Hanyar da ke ƙofar gida siririya ce, sai jefi-jefi motar siminti ta wuce, awaki ma kwanciyarsu suke yi a kanta.

Kakarmu ta wajen uba, Inna Kulu muke ce mata. Bayan isha'i takan jawo garwashin da ya rage a murhun tuwo, ta ɗora ɗanyen ganyen dogon yaro don hayaƙi ya kori sauro, mu kewaye ta, ni da yayana Bello da ƙannenmu. Ba ta gaggawa. Sai ta gama ɓare gujiyarta take cewa, "To, ga ta nan tahe, wa ka tarbar ta?" Mu haɗa baki, "Mu ne, Inna, ta shigo!"

Wadda ta fi zama mini a rai ita ce ta bushiya da kurege. Maƙwabta ne, ramukansu na bakin wata 'yar hanyar tururuwa. Awaki suka fara bi, tumaki suka biyo, har ta zama burtalin shanu. Kurege ya rantse ba zai gusa ba, shi ya riga hanya zuwa. Kullum sai ya jawo ƙaya ya toshe, kullum shanu su tattake. Ran nan wani bijimi ya burma masa rami, da ƙyar ya fita, an take masa wutsiya, shi ya sa take a baje har yau. Bushiya kuwa tuni ta kwashe 'ya'yanta ta ja baya kaɗan. Shanu suka bar kashi, kashi ya tara ƙwari, ƙwarin nan kuwa su ne tuwonta.

"Hanya ba ta hushi da kowa," in ji Inna, "wucewa takai. Wanda yat tsaya gabanta shi ka shan wuya." Sai ta dungure wa Bello kai. "Kai ko, maigidana, da taurin kan ga naka, ka kiyayi wutsiyarka."

Inna ta rasu, Allah Ya jiƙanta, babanmu ya bi ta. Gari ya taho ya wuce mu. Gonaki suka koma gidaje da shaguna, kabu-kabu da tireloli suka cika hanya. Da aka tashi faɗaɗa ta, aka shafa jan fenti a bangon zaurenmu, inda Baba ya koya mana karatu da riƙon wuƙar fawa.

Bello ya ce sai dai a rushe da shi a ciki. Ranar da katafila ta iso layinmu, ya shimfiɗa buzun Baba a tsakiyar zaure ya zauna. Matarsa na kuka daga cikin gida. Na shiga na zauna kusa da shi, ƙasa na rawa a ƙarƙashinmu. Na ce, "Yaya, wutsiya hwa."

Ya harare ni. Sai dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har ta koma hawaye. Ya naɗe buzun. Da hannunmu muka cire ƙofa da azara, muka ba katafila wuri.

Mun ja katanga baya. A ɗan filin da ya rage Bello ya kafa tukuba, yanzu direbobi tun daga nesa suke rage gudu saboda tsirensa. Da ita ya aurar da 'ya'ya biyu. Alhamdu lillahi.

Da ina yaro na zaci bushiya ba ta yi asarar komai ba. Yanzu na san ta yi. Barci da ƙarar mota muke yi, yara ba sa tsallakawa makaranta sai an riƙe musu hannu. Amma muna nan, gidanmu ɗaya, tukunyarmu ɗaya. Kwanan baya na faɗa wa Bello haka. Ya juya tsire, ya barbaɗa yaji, ya ce, "Na gusa dai, ƙanena. Ban ce na yahe ma hanya ba." Ya miƙo mini mai zafi.