Mai Gadin Ƙofar da Ba Ta da Makulli

Shekara talatin da huɗu, kullum tun hantsi bai gama ɗagawa ba, Am Lazhar ya riga ya jingine kekensa a gidan tatsar man zaitun na Si Munsif da ke bayan garin Sfax. Sai ya kasa kunne ga dutsen niƙa, ya yi wa buhun kowane manomi alama da alli, ya tsoma burodi a man farko ya ɗanɗana. A takardar ɗaukarsa aiki kuwa, kalma biyu ce kacal: mai gadi.

Bana gwiwoyi suka ce sun gaji, ya ajiye aiki. Si Munsif ya nemi mai gadi, ya kuma samu. Wani ƙato ya zo ya zauna a ƙofa, ya yi gadi tsakani da Allah. Cikin kwana uku, zaitun ɗin wasu 'yan'uwa biyu, Hadi da Lutfi, da ba sa ga maciji, ya cakuɗe. Dutse ya yi zafi, mai ya yi ɗaci. Ga kaka ta kankama, manoma sun fara juya motocinsu zuwa wani wurin. Mu ma'aikatan gidan duk muka ruɗe, don ba abin da aka sata.

Si Munsif ya ɗauki biro da takarda ya nufi gidan tsohon.

"Am Lazhar, don Allah wai aikin me kake yi mana ne?"

"Sai yau za ka tambaya, ɗana? Babanka ya ce in riƙa duba wurin, na duba. To, rubuta. Kada a ba Hadi da Lutfi rana ɗaya. In dutse ya canza murya, a tsayar da shi."

Sai da suka cika shafi huɗu. Si Munsif ya karanta sau biyu, kunya ta rufe shi. Aikin mutum uku ne.

Kai ne ginshiƙin gidan nan, Am Lazhar, muka yi ta kiranka mai gadi. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Matasa, ku yi aiki irin nasa. Masu ɗaukar ma'aikata, ku rubuta aikin mutum tun yana gabanku, ku san wanda kuke da shi.

Da Si Munsif zai fita, ya sake duba takardar.

"Ban ga gadin ƙofa a ciki ba fa."

"Wace ƙofa? Makullinta ya ɓace tun zamanin babanka."