Tsingaro Ma Yana da Isnadi

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Asabar, cikin sanyin 2012, mu shida ne a wani ɗaki a unguwar Ma'adi ta Alƙahira: ni, da maƙwabcina Bahaushen Sudan, da ɗalibai uku Misirawa, sai dattijuwar da za ta koyar da mu. Na shiga da alwalata da farar jallabiya. A kan teburi babu littafi ko ɗaya, sai faranti cike da fasassun tukwane.

Ga yadda aka yi. Ni tafinta ne, ina raka marasa lafiyar da ke zuwa asibitocin Alƙahira daga Najeriya. Karatuna bai yi nisa ba, a sakandaren addini na tsaya, amma duk inda na ji ana darasi ina zuwa. Maƙwabcin nan nawa a Hayyin Ashir ya ce mini akwai wata Daktora da ke koyar da ilmul asar kyauta, domin baƙi masu yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa daga ƙasar, aikinta ya ragu. A wurinmu asar maganganun sahabbai ne da magabata. A bakin Misirawa kuwa kayan mutanen dā ne da ake tonowa a ƙasa. Ya san haka sarai, ya yi gum har muka sauka daga jirgin ƙasa.

"Ina asar ɗin?" na tambaye shi.

"Ga su nan a faranti, Ustazu. Zauna, ba sa karya alwala."

Da aka gaya wa Daktora abin da ya kawo ni, ta yi dariya har ta cire tabarau. "Ma'alish, ya Shehu. Zauna na yau kawai. In ba ka ƙaru ba, khalas."

Ta ɗauko kwalba ta zuba yashi, ta bi shi da toka, ta rufe da jar ƙasa. Ta ce mini wanne ya riga shiga. Na ce na ƙasa. Ta ce na san rabin ilimin ke nan. Sai ta sa cokali ta dama, ta ce yanzu fa? Raina ya ɓaci, domin ni ko takalma a ƙofar masallaci ba na son ganinsu a hargitse.

Sannan ta ɗaga tsingaro biyu masu kama ɗaya. An san ramin da ɗaya ya fito, da zurfinsa, da abin da ke kusa da shi. Ɗayan wani ne ya tsinta ya sa a aljihu.

"Ku a karatunku, maganar da ba a san wanda ya ruwaito ta ba, yaya kuke yi da ita?"

"Ba ma kafa hujja da ita."

"Tamam. Wannan na biyun ba shi da isnadi."

Asabar ta gaba na riga kowa zuwa. Ta koya mana aikin bi da bi: a duba kafin a taɓa, a ɗauki hoto kafin a ɗaga, a tona daga sama zuwa ƙasa, wanki shi ne na ƙarshe. Ta kai mu Fusɗaɗ, kufan tsohon birni a cikin Alƙahira, ta nuna mana yadda baƙin hayaƙi a gindin tukunya ke faɗin cewa girki aka yi da ita, ƙashin kifi kuma ke faɗin abin da aka ci. Takan ce juji ta fi so, domin ba wanda ke zubar da shara don a yabe shi.

A damina ta 2013 yayana ya kira ni daga gida. A gabashin gonarmu akwai wani tudu, kufai ne, inda muke tsintar tsingaro muna jifan tsuntsaye muna yara. Ya ce ya ba masu tifa izinin kwashe ƙasarsa domin ciko, har sun fara. Nan take na tuna cokalin nan a cikin kwalba.

"Yaya, don Allah ka dakatar da su."

"Saboda me?"

"Akwai tarihi a ciki."

"Mun sa ran ka dawo mana da tafsiri, ashe fasassun tukwane kake karanta. Ko Fir'auna ne ya ba ka ajiya a gonarmu?"

Ban yi musu da shi ba, yayana ne. Na roƙe shi abu ɗaya: ya je inda tifa ta yanke tudun, ya jingina ƙotar fartanya don a gane zurfi, ya ɗauki hoto, kada ya zaro komai. Ya yi mita, amma ya je.

Na kai wa Daktora hotunan. Ta daɗe tana kallo, sannan ta bi su da yatsa daga sama. Ƙasar noma. Ƙarƙashinta toka da tsingaro masu zanen tabarma. Ƙasa da wannan wasu baƙaƙen dunƙule, kashin maƙera, abin da ke saura in an narka tama. Can ƙasa kuma wasu tsingaro masu kauri, daban da na sama. Ta ce ba za ta faɗi shekaru daga hoto ba, wanda ya yi haka maƙaryaci ne. Amma an zauna a wurin fiye da sau ɗaya, kuma a cikin mazaunan akwai masu narka ƙarfe.

Mu a gidanmu an sha gaya mana kakan kakanmu ne ya sari dajin, babu kowa kafin shi. Na karanta wa Yaya hotunan a waya kamar yadda aka karanta mini, daga sama zuwa ƙasa.

"Ka san Inna ba ta taɓa cewa tudu ba," ya ce. "Maƙera take ce wa wurin. Na tambaye ta, ta ce haka ta ji ana faɗi, ita ma ba ta taɓa ganin maƙeri a can ba."

Washegari ya sallami masu tifa. Sun riga sun cinye ɓangaren yamma, wannan ya tafi ke nan. Sauran ya kewaye shi da shingen bini-da-zugu. Har yau ba masanin da ya zo ya tona, kuma Daktora ta ce kada wannan ya dame ni, ƙasa ta iya ajiya.

A 2015 ta koma wurin 'yarta a Iskandariyya, darasin ya tsaya. Ina yi mata addu'a, ina yi wa maƙwabcin da ya yi mini shiru a hanya, ina kuma gode wa Yaya da ya saurari ƙaninsa.

Kai mai karatu, in akwai kufai a garinku, ga roƙona. Kada ka tona, kada ka bari a kwashe. Ka ɗauki hoton abin da ka gani a inda yake, sannan ka je wurin wanda ya fi kowa tsufa a gidanku ka tambaye shi sunan wurin tun yana raye.