Sunayen da Na Jera

Kafin abin ya faru, na yi imani cewa rubutu ba ya cutar da mai gaskiya. Haka jami'a ta koya mini, haka kuma na saba a ƙungiyar 'yan garinmu, inda nake sakatare, nake jera sunan kowa da laƙabinsa, domin tsallake sunan dattijo raini ne.

Maƙwabcina a Germantown, wani gari kusa da Washington, wani tsohon Bature ne ɗan kwaminisanci, ya doshi shekara casa'in. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen haɗa kan leburorin tashar jiragen ruwa da mata masu wanki a otal-otal. An taɓa kiransa gaban wani kwamitin majalisa, aka nemi ya faɗi sunayen abokansa. Ya ƙi, ya yi shekaru babu mai ɗaukarsa aiki.

Da 'yan'uwanmu na Nijar masu tsaron wuraren ajiye motoci a Washington suka so kafa ƙungiyar ƙwadago, ni na kai su falonsa, ni ne kuma tafinta. Na zaro biro zan rubuta sunayensu, sai ya dafa hannuna.

"Kada ka rubuta. Riƙe su a ka."

"Baba, ai wancan zamani ya wuce."

"Shi ya gaya maka ya wuce?"

Aka yi dariya, har da ni. Da na koma gida na buga sunayen tsaf, na raba wa kowa kwafi. Babbansu, wani Alhaji mai furfura, ya ga sunansa a sama ya ce, "Injiniya, ka mutunta mu."

Wani ya manta kwafinsa a wurin aiki, takardar ta kai hannun manaja. Aka shiga sallamar su ɗaya bayan ɗaya, bisa jerin da na yi. Alhajin aka fara kora. Takardunsa na zama ba su cika ba, bai sake samun aiki ba, ya koma gida Nijar.

Tsohon bai taɓa zargina ba. Kullum muka haɗu a matakala sai ya tambayi lafiyarsu, kowa da sunansa, sunayen da sau ɗaya tak ya ji. Har yau ban sani ba ko don na girmama su na rubuta, ko don in nuna masa cewa ni mai ilimi ne. Ya rasu, amma a jirgin ƙasa na safe nakan ji muryarsa tana kiran sunayen, a jerin da na yi.

A shekarar na ajiye sakatarci. Ban sake rubuta sunan kowa a wajen taro ba.