Tudun Rairayi Ya Saki Garinmu

Me ya sa tokar nan ta yi ɗumi? Na tambayi masu ilmi, sun ba ni amsa, na kuma gode musu. Amma duk safiyar da na sa hannu a murhu zan kwashe tokar jiya, sai tambayar ta dawo kamar ba a taɓa amsa ta ba. Ni ban yi karatu ba, ko baƙi ɗaya ban sani ba. Jikata ce take rubutawa ina faɗa, in kuka ya ci ƙarfina ta ajiye alƙalami ta jira ni.

Ba a Gure aka haife mu ba, ni da maigidana. Garinmu ɗan ƙauye ne a bakin wani kwari ta hanyar Gidigir, mai dabino da goriba da rijiya gajeriya wadda ko yaro zai ja ruwanta. Akwai tudun rairayi gabas da mu, tun muna yara muna hawansa muna gangarowa. Bayan aurenmu sai ya soma matsowa. Ya ci gonakin gero, ya cike rijiya, wata shekara muka wayi gari ya jingina da dangarmu. Muka kwashi abin da jaki zai iya ɗauka muka taho Gure. Da maigida ya koma bayan damina don ya ciro itacen ɗakinmu, ko tsinin bukka bai gani ba.

Abin da muka bari a can wanda ba ya ɗaukuwa shi ne ɗanmu na fari. Ƙyanda ta kashe shi yana koyon tafiya. Ɗan fari kuwa a wurinmu ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, in ya rasu uwa ba ta bari a ga hawayenta. Maigida ya ɗauke shi a hannu cikin ɗan farin ƙyalle, maza suka bi shi, ni na zauna a ɗaki ina tsince hatsi don kada surukata ta ga fuskata. Mace ba ta zuwa maƙabarta, saboda haka ban taɓa ganin inda aka sa shi ba. Muka haifi waɗansu, suka girma, su ma suka haifa. Ni da maigida ba mu taɓa yin zancensa ba.

Shekarar da jikar nan take ajin ƙarshe a lise, wato sakandare, waɗansu malaman jami'a suka zo daga Damagaram don su nuna wa ɗalibai binciken da suke yi a kan rairayi. Ranar ta dawo da la'asar, ko jaka ba ta ajiye ba, ta tsaya a kan kakanta yana tufkar igiyar kaba.

"Tsoho, yau na ga garinku."

"Amarya, rana ta buge ki. Garinmu yana ƙarƙashin ƙasa tun ba a haifi ubanki ba."

"Wallahi na gan shi, a jikin bango, da majigi. Kai da ka ce birni ne, ashe ɗakunan ba su fi kashin awaki ba."

Ya yi dariya ya ce ta zauna ta yi masa ƙaryar a tsanake. Ta ce hotuna ne da aka ɗauka daga sama, na da da na yanzu. Babban malamin ya ce musu tudun rairayi ba zama yake yi ba, wucewa yake. Iska tana kwasa daga bayansa tana zubawa a gabansa, yana tafiya a hankali, har wata rana abin da ya haɗiye ya fito ta baya. Ta ce tudun da ya ci garinmu ya riga ya soma sakin gefen gabas.

Maigida ya ajiye igiyar. Ranar tuwonsa a kwano ya kwana.

Malaman sun shirya kai ɗalibai su gani da idonsu, suka tambaya ko akwai dattijon da ya san wurin. Yarinyar nan ta ce ga kakanta. Na ce ni ma za ni.

"Ke kuma ina za ki?" in ji maigida.

"In ga murhuna."

Muka tashi bayan asuba, mu a katkat ɗin malamai, motar nan mai shiga rairayi, yara a babbar mota suna waƙa. Babban malamin dogo ne mai furfura a gemu, har ƙasa ya durƙusa ya gaida maigida. Akwai kuma wata malama da ta zauna kusa da ni, Hausarta irin ta mutanen Yamai, tana ce mini Inna.

Mun isa rana ba ta yi zafi ba. A bayan tudun akwai fili mai tauri, fes kamar an share. Kututturan goriba suna tsaye baƙi ƙirin, babu kai. Babu tsuntsu, ko ƙuda babu. Yaran da suka sauko da hayaniya, ba wanda ya tsawata musu, da kansu suka koma magana ƙasa-ƙasa. Maigida bai yi dube-dube ba. Ya miƙe kamar mai komawa gida daga masallaci, ya tsaya a tsakiyar waɗansu guntayen itace da suka yi da'ira, ya ce, "Nan ne."

Duwatsun murhuna suna nan yadda na bar su. Ɗaya yana da gajarta, nakan tokare shi da tsingaro don kada tukunya ta karkace, to har tsingaron yana nan. Na durƙusa na share ɗan rairayin da ke tsakani, sai ga toka. Na tura yatsuna ciki. Da ɗumi, irin ɗumin murhun da aka dafa tuwon dare a kai. Na taɓa rairayin da ke gefe na ji shi da sanyi.

Na kira malamar. Ta ce, "Inna, baƙin abu yakan riƙe zafi. Ranar jiya ce ba ta gama fita ba." Ita ma ta sa hannu. Ta gyaɗa kai, amma na ga ta daɗe tana goge yatsunta a gefen zane.

Can sai babban malamin ya sa samari suka hau tudun, ya ce su zamo a zaune ta gefen da ya fi tsayi. Suna zamowa tudun ya yi wani gunji daga ciki, mai kauri, kamar saniya ta faɗa rijiya. A tafin ƙafata na ji shi kafin kunnena. 'Yan mata suka ƙanƙame juna. Malamin ya yi murmushi ya ce ƙwayoyin rairayi ne suke gugar juna in sun bushe sosai, yara suka rubuta. Maigida ya matso kusa da ni ya ce da harshenmu na Manga, "Sa'ad da muke hawansa ba ya kuka."

Da aka zauna shan ruwa ya ja malamin gefe, amma ina jin su. Ya nuna yamma, inda kan wata busasshiyar aduwa ya leƙo daga cikin tudun.

"Malam, yaushe zai bar can?"

"Me ke can, Baba?"

"Mutanenmu."

Malamin ya dubi aduwar. Allah ya saka masa, bai yi mana ƙarya ba. Ya ce ba zai iya faɗin rana ba, amma ba za a daɗe ba. Ya ce kuma iska ba ta tsayawa daidai tsohuwar ƙasa, takan ci gaba da kankare ta. Ya nuna gindin wata goriba, saiwoyinta duk a waje, sun kai gwiwar mutum. Maigida ya tsaya yana kallon saiwoyin nan. Shi ya san zurfin da ake yi wa kabarin yaro, ni ban sani ba, amma na gani a fuskarsa.

Malaman ba su yar da mu ba. Sun koya wa ɗalibai yadda ake kafa shingen kaba da kara don a riƙe ƙasa, suka dawo tare da su aka kakkafa ta wajen aduwar. Sai dai malami yana da jami'a, ɗalibi yana da jarrabawa, iska kuwa ba ta da wani aiki. Maigida ya soma zuwa da kansa. Duk ranar da ya sami motar kasuwa sai ta sauke shi a bakin hanya, ya ƙarasa da ƙafa, da fartanya da gorar ruwa. 'Ya'yanmu suka hana. Liman ya ce masa Allah ya san inda kowa yake kwance, ko a buɗe ko a rufe. Ya ce, "Haka ne, Malam." Ranar kasuwa ta zagayo ya ɗauki fartanyarsa.

In ya dawo yakan ba ni labari kamar wanda ya je ziyara. Rumbun wane ya fito. Dakalin masallaci ya fito. Turmin gidan maƙeri ya fito, cike da ƙasa. Abin da nake so in ji ba ya faɗa, ni ma bakina ba ya iya tambaya. Sai in kawo masa ruwan wanka in saci kallon farcensa.

Ya rame. Shimfiɗarmu kullum da rairayi, in kakkaɓe da safe, da rana in tarar da wani. In iska ta kaɗa ƙofar langa-langa yakan miƙe tsaye ko da loma a hannunsa. Wata rana bayan azahar na same shi yana gyangyaɗi a zaure, hannuwansa biyu a tanƙware a ƙirji kamar mai ɗauke da wani abu marar nauyi. Na koma da baya na shiga madafa na toshe bakina da gyale.

Da bazara aka yi wata iska mai ƙarfi, hadari ya taso bai zubar da ko ɗigo ba. Washegari daga masallaci bai dawo gida ba. Da yamma makiyaya suka tsince shi a zaune a gindin shingen, suka fito da shi bakin hanya a kan raƙumi, wani direba da ya san shi ya kawo mana shi. Da farar rigarsa ta Juma'a ya fita, ya dawo babu ita, bayansa duk ya ƙone, farcensa sun tsattsage. Lokotoro a asibiti ya ce rana ce da rashin ruwa, aka yi masa ƙarin ruwa, muka dawo da shi gida. 'Ya'yanmu sun je sun duba. Sun ce tudun ya bar aduwar gaba ɗaya, sun ga an tattara ƙasa wuri-wuri an ɗora ƙaya a kai. Rigar ba su gan ta ba.

Yarinyar nan har yau tana cewa da ta sani da ta yi shiru ranar. Na ce mata kada in ƙara ji. Abin da aka koya mata ta kawo gida, kuma gaskiya ce. Da ya rasu, malaman ma sun zo mini ta'aziyya, babban ya zauna a tabarma ya kasa ɗaga kai. Ba ni da fushi da kowa. Kewa ce kawai take cina, ta mutum biyu, ɗaya na yi rayuwa da shi har muka tsufa, ɗaya ko kamanninsa sun ɓace mini.

Kwanakin da ya yi a kwance bai yi magana ba, sai salla da ido. Safiyar da zai tafi yara sun fita, gidan ya yi tsit. Ina zaune ina goge masa hannu da jiƙaƙƙen tsumma, har lokacin ƙasa tana fita daga ƙarƙashin farcensa. Sai na ji ya riƙe yatsana. Na sunkuya na kai kunnena bakinsa.

"Na same shi. Na sake rufe shi, na ƙara masa ƙasa," in ji shi. Ya huta, na ɗauka ya gama. Can ya ce, "Ke, wurin ɗan gajere ne. Na manta ƙanƙantarsa ta kai haka."