Ranar da Birkin Baffa Ya Yi Mana Sallama

Ko da zan manta ranar ɗaurin aurena, ba zan manta ranar da aka je nema mini auren ba. Kuma duk abin da ya faru, wani ɗan makunni ne da bai kai yatsa ba ya jawo shi.

Baffana, wan mahaifina, yana da wani tsohon babur da ya girme ni nesa ba kusa ba. Duk Ƙauran Namoda an san shi, jan tanki, kujera mai faɗi, an naɗe ta da fatar akuya. Ba bakaniken da ya isa ya taɓa shi. Baffa ne likitansa, shi ne mai wankinsa. Sai dai shekarun da Baffa ya yi yana aikin injin niƙa sun tafi da kunnensa. In ba ka sa baki a kunnen ka yi ihu ba, murmushi kawai zai yi maka. Kuma bai taɓa yarda cewa ba ya ji ba, mu ma ba mai ƙarfin halin faɗa masa.

Yarinyar da nake nema 'yar Zurmi ce. Mahaifinta, wani Alhaji dillalin shanu, doka ɗaya ya kafa wa samari: duk wanda ya danna masa hon a ƙofar gida maimakon sallama, ya yi ta kansa. Ita da bakinta ta gaya mini an taɓa korar wani a kan haka, har da mayar masa da kayansa. Na rantse mata ni ko tari ba zan yi a layinsu ba.

Ana gobe tafiya makunnin birkin gaba na babur ɗin ya mutu, wato abin nan da ke jikin hannun birki, wanda ke kunna jar fitilar baya idan an matse. Baffa ya ce ba zai je gaban surukai da makauniyar fitila ba. Ya zaro wani da ya taɓa saya a kasuwar Shinkafi, ya kwance ƙoƙon fitilar gaba, ya shiga lalubar wayoyi. Wayoyin kuwa tsufa ya mayar da su launi ɗaya. Ya murɗe wannan da wancan, ya naɗe da salatif, ya tayar da injin, ya matse birki yana waige. Jar fitila ta haska bangon zaure. Daga baya matarsa ta ce ta ji ƙara daga cikin gida, amma ta ɗauka hon ɗin yake gwadawa.

Da hantsi sauran dattawa suka yi gaba a mota. Baffa ya ce shi da babur ɗinsa, ni kuma in hau baya in nuna masa gida, in sauka a bakin layi in ɓuya, tunda mai neman aure ba ya bayyana a irin wannan zama.

Ramin farko da muka tarar a bakin gari, Baffa ya taɓa birki, sai na ji “Fiiiim!” Na waiga, babu kowa a bayanmu. A rami na biyu na gane. Ashe wayar hon ya haɗe da ta birki. Duk wanda ya san hanyar Ƙaura zuwa Zurmi ya san ba a rasa dalilin taɓa birki. Jakuna suka riƙa watsewa, mata masu tallan nono suna faɗawa gefen gona. Wani makiyayi ya ɗaga mana sanda yana faɗa da Fillanci, Baffa ya ɗaga masa hannu yana fara'a.

“Ka gani ko?” in ji shi. “Kowa ya san wanga babur. Dubi yadda suka ba mu hanya!”

Na yi ihu a kunnensa har muryata ta dushe. Iska da ƙarar injin suka kwashe. Ya dafa gwiwata ya ce in kwantar da hankalina, yarinya tawa ce. Ni kuwa ina jin aurena na zubewa rami bayan rami.

Da muka shiga layin, na hango dattawanmu da nasu zaune kan tabarmi a ƙofar gida, Alhaji a tsakiya. Na taɓa kafaɗar Baffa ya sauke ni. Ya taɓa birki, “Fim!” Duk kawuna suka juyo. Ɓuya ta ƙare. Shi kuwa ya wuce har gaban tabarma, ya damƙe birki da ƙarfi don ya sauke ƙafa, hon ya ɗauka bai tsaya ba. Kaji suka tashi. Na miƙa hannu ta ƙarƙashin hammatarsa na kashe makulli. Abin da kowa ya gani ke nan: hannuna a gaban babur lokacin da ƙarar ta yanke.

Alhaji ya dube ni tun daga hula har takalmi.

“Wa yad danna min hon ga ƙohwar gida?”

Na dubi Baffa. Yana gyara babbar rigarsa, fuskar nan cike da alfahari, bai san an yi komai ba. In na faɗi gaskiya, na tona kurumtarsa da ɓatan aikinsa a gaban baƙi. In na yi shiru, na rasa yarinya. Wallahi hawaye ne suka cika mini ido. Na durƙusa na ce, “Ni ne, Baba. A yi mini haƙuri.”

Alhaji ya buɗe baki zai yanke hukunci, sai Baffa, da ya ga an yi shiru ana kallon wajen babur, ya ɗauka sha'awa ce.

“Alhaji, tsaya ka ga aiki. Da hannuna niy yi shi jiya.”

Ya murɗa makulli, ya buga kik injin ya tashi, ya matse birki. “Fiiiiim!” Ya juya yana nuna jar fitila. “Ka gani? Ta kama!”

Limaminmu ya cusa fuska cikin rawani. Kafaɗun Alhaji suka fara rawa don dariya, ya riƙe gemu da hannu biyu. Sai ya tashi, ya sa baki a kunnen Baffa ya ce da ƙarfi, “Ta kama, Malam! Aiki ya yi kyau!”

Sannan ya juyo gare ni, ya rage murya. “Tashi, ɗana. Wanda yay yarda shi rasa mata don kar baffanai shi ji kunya, ba ya tozarta min ɗiya. Na ba ka. Amma in kuka tashi, ku tura babur ɗin har bakin titi.”

Da aka shiga sallar azahar na zare wayar hon ɗin a ɓoye. A hanyar komawa Baffa ya yi ta mitar cewa mutanen yamma ba su da ladabi irin na safe, ba mai kauce masa.

Har Allah Ya karɓi ransa ba wanda ya gaya masa, kuma duk taron dangi sai ya ba da labarin yadda gyaransa ya burge Alhaji aka ba mu mata. Ban taɓa musa masa ba, don gaskiyarsa ce. Ni da na shirya kalamai da sabuwar hula, ba su suka yi mini aiki ba. Ranar na koyi cewa mai ba ka 'yarsa ba ladabin da ka tanadar masa yake dubawa ba, yadda kake rufa wa naka asiri yake kallo.