Gorar Roba a Tayar Baya

Keken ya iso gidan yayata a Ƙofar Guga cikin kwali. Mijinta ne ya sayo wa ɗansu na fari, mai shekara goma sha uku, don zuwa makaranta. Keke ne mai caji: a jona shi a wuta, a murɗa hannu, sai ya tafi da kansa. Na tsaya a tsakar gida ina kallon yaron yana zagaye turmi, ƙafafunsa ba sa motsi, ko kajin da ke kiwo ba su ɗaga kai ba. Har yau ban gama mamakin wannan shirun ba.

Yayata ta miƙo mani makullin. "Kai ne ka yi boko. In ka ce ya hau, ya hau. In wani abu ya faru, kai zan riƙe."

Na tambayi wani abokin karatuna da ke aikin kiyaye haɗura a hanya, shin keke ne ko babur, kuma akwai shekarun da doka ta yanke? Ya ce shi dai bai ga takardar da ta fayyace ba, wataƙila akwai. Amma in sa wa yaron hular kwano, kada ya ɗauki kowa, kada ya hau babban titi. Na rubuta waɗannan, na ƙara nawa guda shida, na liƙa a ƙofar ɗakin yaron.

"Kawu, wannan ai ta fi jarrabawarmu tsawo," in ji shi.

Na yarda a yi gwaji ta cikin lungu, shi a gaba, ni a baya da ƙafa ina sassarfa. A kwana ta biyu akwai wani dattijo, tsohon tela da idonsa ya rufe, wanda kullum da safe yakan tsallaka daga zaurensa zuwa dakalin maƙwabci ya sha hantsi. Da kunne yake tsallakawa. Ya saurara, bai ji babur ba, ya sako ƙafa.

Yaron ya damƙe birki. Taya ta bugi sandar da dattijon ke dogarawa, sandar ta faɗi cikin kwata.

"Wa ya ƙwace mani sanda?" in ji dattijon. "Mutum ko aljani?"

Na durƙusa ina ba da haƙuri. Na juya ga yaron na ce me ya hana shi danna hon.

"Kawu, in yi wa Baba hon? Mama ta ce rashin kunya ne."

Gaskiyarsa. Mu muka koya masa cewa ba a yi wa babba hon a cikin unguwa. Babur ba ya bukata, ƙararsa ke riga shi isa. Cikin dokokina tara babu wadda ta hango wannan. A raina na riga na mayar da keken cikin kwali.

Dattijon ya ce a matso masa da abin. Ya shafa sirdi, ya shafa batir, ya sunsuna tafin hannunsa. "Ba mai, ba hayaƙi? Ikon Allah. Mun ga zamani." Sannan ya ce, "Malam, kai ba ka taɓa cusa wa kekenka gora ba kana yaro? Da can, nan kuke hana ni jin ƙarar keken ɗinkina."

Yaron ya tsinto gorar ruwa ta roba, ya take ta, ya cusa tsakanin tayar baya da ƙarfe. Ya murɗa hannu. Lungun ya ɗauki ƙara kamar ana yaga sabon yadi.

"Yauwa," in ji dattijon. "Yanzu ya yi sallama."

Washegari na laɓe kusa da kwanar, don ban yarda da kaina ba. Ni ban ji komai ba tukuna sai na ga dattijon ya tsaya cak a bakin zaure, ya ɗaga sanda. Can sai ga ƙarar. "Mai gora, a sauka lafiya!" ya ce, tun yaron bai bayyana ba.

Ranar na ba yaron makullin. Ban ce hankalina ya kwanta duka ba, kuma har yanzu ban san abin da doka za ta ce ba. Taya na cinye gorar cikin kwana huɗu ko biyar, don haka nakan biya gidan da wata a aljihu.